Fuskar da ke Zauren Marina

Graziella Nencioni ta yi shekara ashirin da huɗu tana zagayawa da baƙi a Firenze, har ta kai ga tun a dandalin farko take gane wanda zai ba ta wahala a cikin ayari. A safiyar wannan Talatar ta watan Nuwamba, da ta ƙirga kawuna goma sha biyar a ƙarƙashin lemomi, sai ta ɗora zarginta a kan Signora Imma, wata gajeriyar mata mai rinannen jan gashi, wadda tun ba a ɗaga ƙafa ba ta fara tambayar lokacin cin abinci.

"Ƙarfe ɗaya," in ji Graziella.

"Haka wancan jagoran ya ce mana jiya a Siena. Sai da na fara ganin mutane biyu-biyu kafin a ajiye mana burodi."

Su goma sha huɗu tsofaffin malaman makaranta ne daga Salerno, sun san juna, suna ta zolayar juna tun daga bakin mota. Na sha biyar ɗin ba ya cikinsu. Wani dogon dattijo ne da ya sayi tikitinsa shi kaɗai, takardar Graziella ta nuna sunansa Ermanno Ciolli. Yana sanye da kwat mai ruwan toka wadda ta yi masa yawa, ya rataya jakar fata a ƙirji, ya dafe ta da hannu biyu. Da ta miƙa masa 'yar na'urar da baƙi ke maƙalawa a kunne don su ji muryarta ko daga nesa, sai ya girgiza kai.

"Kunnena ƙalau yake, 'yata. Idanun ne ke son tafiya su bar ni."

Daga jin harshensa ta san ɗan gari ne. 'Yan gari kuwa ba sa biyan kuɗi a zagaya da su garinsu.

Suka kama hanya cikin yayyafi. Graziella na gaba da jar lemarta, tana magana cikin ɗan makirufon da ke maƙale a wuyan rigarta, malaman na biye suna ɗaukar hotunan gumaka da ƙofofin tagulla. Dattijon bai ɗaga kai ya kalli ko ɗaya ba. Abin da ke tsayar da shi kawai su ne ƙananan allunan dutse da aka kafa can sama a jikin bangaye, waɗanda ke nuna inda ruwa ya kai a ambaliyar 1966. Sai ya tsaya ya ƙanƙance ido ya dube su, sannan ya biyo sahu.

A ƙofar babban coci, inda masu gadi ke duba jakunkuna, ya ja baya.

"Ku shiga, zan jira ku a nan."

"Ka biya kuɗin ciki fa, Signor Ciolli."

"Na san cikin. Zauren Marina dai, za mu je ko?"

"Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi."

Da suka fito bayan minti arba'in, yana nan inda suka bar shi, ruwa ya jiƙa masa kafaɗu, hannuwansa na kan jakar. Ya sake yi mata tambayar. Graziella ta amsa masa, amma idonta ya tsaya a kan jakar. Ta ce wa kanta tsufa ne kawai. Mahaifinta ma, shekarunsa na ƙarshe, haka yake rungume jakar magungunansa.

Zauren Marina ɗaki ɗaya ne a wani lungu bayan kogi, inda marinan birnin ke taruwa a zamanin da. Safiya biyu kawai ake buɗe shi a mako, kuma ba mai shiga sai tare da jagora. Babu na'urar bincike a ƙofa, sai Duilio, mai gadin da ya shekara talatin a kan kujera ɗaya da ciwon gwiwa ɗaya. Suka tarar da shi yana cin burodi da tumbin saniya, romo na bin yatsunsa.

"Ga Farfesa nan da ɗalibanta," in ji shi, yana goge hannu a wando. "Yau ma za a yi mana wa'azin hasken?"

"Kai dai ci gaba da cin tumbi, kana ƙara wa naka."

"Matata ba ta yi ƙorafi ba."

"Matarka ta gaji da magana ne."

Ya buɗe ƙofar yana dariya. Malaman suka shiga, surutunsu ya mutu kamar an zare waya.

Zanen ya cinye bangon gabas gaba ɗaya. Vanni di Tuccio ne ya yi shi shekara ɗari shida da suka wuce: marina a bakin aiki, hannuwansu shuɗi har gwiwa, wani na juya tukunya da sanda, wasu biyu na matse yadi, yadudduka ja da kore na rataye a kan igiyoyi. Can a kusurwar dama, daidai tsayin mutum, wata mata tana fita ta ƙofa da tukunya a rufe a hannunta, ta juyo da fuska tana kallon baya. 'Yan gari na ce mata Mai Waiwaye. Saboda ita ake zuwa. A kanta Graziella ta rubuta kundin kammala jami'a, kuma ita ce a jikin katin da take raba wa baƙi.

Ta tsayar da su a bayan jar igiyar da ta raba mutane da bango, ta fara abin da ta faɗa sau dubbai. Ta bayyana yadda ake zana irin wannan a kan ɗanyen yaɓe, launi ya shige cikin bangon ya zama jiki ɗaya da shi. Sannan ta zo wurin da ta fi so.

"Ku duba inuwar kowa. Haske daga dama yake faɗo musu, daga wajen tagar can. Yanzu ku dubi fuskarta. Ita kaɗai haskenta daga hagu yake. Vanni bai yi kuskure ba. Yana gaya mana ne cewa wannan matar ba ta cikin duniyar aikinsu, wani haske dabam take kallo."

Wani daga cikin malaman ya gyaɗa kai a hankali. Signora Imma ma ta yi shiru.

A cikin wannan shirun ne warin ya iso hancin Graziella. Wari mai kaifi, irin na ruwan goge jan farce, amma ya fi shi ƙarfi. Ba ta juya kai ba, idonta kawai ta karkatar. Dattijon na tsaye a ƙarshen igiyar, ta kusurwar dama, nesa da sauran. Jakar a buɗe take. Hannunsa ɗaya na ciki.

Ta san labaran: wanda ya watsa wa zane ruwan batir, wanda ya zo da guduma a cikin riga. Tsakaninsa da fuskar taku biyu ne, tsakaninta da shi taku takwas da mutum goma sha huɗu. In ta yi ihu, hannunsa zai riga ƙafarta.

Ta ji muryarta na ci gaba da fita, lafiya lau, kamar ta wata. "Yanzu kuma za ku fita tsakar gida ta ƙaramar ƙofar nan, ku ga ramukan rinin da kansu. Duilio zai nuna muku. Duilio, taso ka kai su."

Duilio ya leƙo daga kujerarsa. "Ni? Da wannan gwiwar? A cikin ruwa?"

"Kai ɗin. Taso."

Ya dube ta. Shekara ashirin da huɗu ba ta taɓa yi masa magana da wannan muryar ba. Ya miƙe yana gunaguni, ya sa su gaba. Signora Imma ce ta ƙarshe, tana cewa ita ba ta ga abin kallo a rami ba. Ƙofar ta rufu.

Graziella ta kai hannu wuyan rigarta za ta kashe makirufon, sai ta fasa. In ta bar shi, duk abin da aka faɗa a nan zai shiga kunne goma sha huɗu a tsakar gida, wani zai gaya wa Duilio. Ta sauke hannun, ta juyo.

Dattijon ya riga ya tsallake igiyar. A hannun hagunsa akwai kwalba mai ruwan ƙasa-ƙasa, ba murfi, a dama kuma dunƙulen auduga a jiƙe. Yana tsaye gab da bango, kansa daidai da kan matar.

"Kin kyauta da kika fitar da su," in ji shi, bai juyo ba. "Tsaya inda kike."

"Na tsaya. Signor Ciolli, mene ne a kwalbar?"

"Abin da ba zai yi wa aikin Vanni komai ba. Ke da bakinki kika faɗa yanzu, launinsa ya shige cikin bango. Ko wanka aka yi masa da wannan, ba zai motsa ba." Ya ɗaga audugar kaɗan. "Amma abin da aka shafa a kan busasshen yaɓe da fentin kanti, shi zai biyo auduga."

"Ban gane ba."

"Fuskar nan ni na zana ta."

Graziella ta yi taku ɗaya ba tare da ta sani ba. Ya karkata kwalbar wajen bango, ta koma.

Mahaukaci ne, ta ce a ranta. Kuma ba ta san abin da ke cikin kwalbar ba, maganarsa kawai take da ita. Ruwan na kaɗawa har bakin kwalbar. A ƙarƙashin hannun nan akwai tukunyar matar da yatsunta da shuɗin zanenta. Abin da ya rage mata shi ne ta sa shi ya yi ta magana.

"Yaushe ka zana ta?"

"Kina da shekara nawa a lokacin ambaliya?"

"Ba a haife ni ba."

"Ni ina da ashirin da biyu. Ina koyon gyaran zane a hannun wani maigida, ya mutu tuntuni, ba sai na kira sunansa ba. Ruwa ya kai nan." Ya nuna da audugar wani wuri sama da kan matar. "Laka da baƙin mai. Da ruwan ya janye, muka shigo da fitila, sai muka tarar yaɓen wurin nan ya kumbura kamar burodi. Na taɓa shi da yatsa ɗaya, ɗaya tak, ya zubo a kan takalmina. Daga goshi zuwa haɓa."

"An rubuta cewa an wanke ta ne kawai. Na karanta rahoton."

"Maigidan ne ya rubuta rahoton. An riga an ba shi aikin coci uku, in aka ji fuska ta faɗi a hannun yaronsa, shi ke nan. Ya sa aka kewaye wurin da tamfol, ya ba ni wani tsohon hoto da ba a ganin komai a ciki sai duhu, ya ce mini, Ermanno, kai ka zubar, kai za ka mayar. Kwana goma sha ɗaya na yi."

Daga tsakar gida ba a jin komai. Mutum goma sha huɗu 'yan Salerno, ko tari babu. Graziella ta san suna ji. Ba ta san ko hakan alheri ba ne.

"Me ya sa ba ka faɗa wa ofishin kayan tarihi ba?"

Ya yi wata gajeriyar dariya. "Wasiƙa uku. Ta farko ba amsa. Ta biyu suka gode mini da ƙaunar da nake yi wa birnin. Ta uku na kai da ƙafata, wata yarinya ta ba ni ruwa, ta tambaye ni ko akwai wanda za ta kira ya zo ya ɗauke ni. Likita ya ce kafin bazara ba zan ƙara bambanta fuska da bango ba. To, zan goge ta su gani da idonsu."

"In ka goge, me zai saura?"

"Siminti. Gaskiya ke nan."

"Ban yarda da kai ba," in ji Graziella. Ta faɗa ne don ya juyo, kuma ya juyo. Idanunsa sun yi fari-fari a tsakiya. "Shekara uku na yi ina nazarin fuskar nan. Manyan masana sun dube ta da madubi. Kowa na iya shigowa ya ce shi ya zana."

"Hasken," in ji shi.

Ta ɗaga ido ta dubi fuskar.

"Na ji abin da kika gaya musu. Yana da daɗin ji, har na so a ce haka ne. Ruwa ya fasa tagar can, aka toshe ta da katako har bayan Kirsimeti. Babu lantarki. Fitila ɗaya gare ni, kuma ƙusa ɗaya ce a wurin da zan rataye ta." Ya nuna hagu da haɓarsa. "Can. Sai da aka cire katakon na ga abin da na yi. Na roƙe shi in gyara, ya ce an riga an kira 'yan jarida."

Graziella ta bi inda ya nuna da ido. A jikin ginshiƙin katako, sama da kai kaɗan, akwai wata tsohuwar ƙusa mai tsatsa, a lanƙwashe. Ta sha ganinta. Ta taɓa rataya lemarta a jiki.

Ta tuna wata rana tana ɗaliba, a kan tsani, hancinta kusa da kumatun matar, ta ga wasu siraran layukan buroshi da ba su yi kama da na sauran bangon ba. Ta nuna wa malaminta, ya ce hannun Vanni ne ya ƙara gogewa a shekarun tsufansa. Ta rubuta haka, ta samu babban sakamako, ba ta sake hawa tsanin ba.

"Wace ce?" ta tambaya, muryarta ta sauka.

"Wa?"

"Matar. Ba daga kanka ka ƙirƙiro ta ba."

Kwalbar ta ɗan miƙe a hannunsa.

"Dina ake ce mata. Ban san sunan gidansu ba. Mijinta na da gidan burodi a lungun nan, ruwa ya cinye shi har tanda. Duk da haka kullum da tsakar rana sai ta kawo mana miyar wake da kabeji a tukunya, ba ta taɓa karɓar komai ba. In za ta fita sai ta waiwayo ta ce, ku cinye fa, kada in dawo in ga saura. Kafin sabuwar shekara suka koma ƙauye. Na yi kwana huɗu a gaban simintin nan ban iya sa buroshi ba, ita kaɗai ke zuwa mini."

"Kuma ita za ka goge."

"Ba wurinta ba ne."

"Maestro," in ji Graziella. Ba ta shirya kiransa da wannan laƙabin gwanayen sana'a ba, ya fito ne kawai. "Saurara. Wasiƙarka ba su karanta ba don ba su san ka ba. Ni sun san ni. Sunana na kan littafin da ake sayarwa a ƙofar nan. Gobe da safe mu je tare, in rubuta da hannuna cewa na yi kuskure, in nemi a kawo na'ura a duba. Ba sai an taɓa bango ba, hoto ɗaya zai nuna fentin zamani ne ko a'a. Ba za su iya ba ni ruwa su sallame ni ba."

"Za ki ɓata sunanki."

"Wannan matsalata ce."

"Kina faɗa ne don in ba ki kwalbar."

"E, ina so ka ba ni kwalbar. Kuma zan je."

Ya dube ta da idanun nan masu hazo, ya dubi fuskar. Hannun da ke riƙe da audugar ya fara sauka a hankali. Graziella ta tsallake igiyar, taku ɗaya, ta tsaya. Bai hana ta ba. Ta ƙara ɗaya, ta miƙa tafin hannunta a buɗe.

A daidai nan ƙaramar ƙofar ta bugu da bango. Duilio ne, da na'urar wani a kunnensa, fuskarsa ja wur, yana ɗingishi da gudu, Signora Imma na bayansa da lema a ɗage.

"Ajiye! Ajiye shi!"

Dattijon ya zabura. Ƙafarsa ta harɗe da ƙarfen igiyar, ya tafi baya, ya kai hannu bango don ya tare kansa. Hannun audugar ne. Graziella ta yi tsalle ta cafke kwalbar da hannu biyu, ruwan ya fantsamo mata a wuyan hannu da gaban riga, sanyi kamar ƙanƙara, warin ya shaƙe ta har hawaye suka zubo. Ta rungume kwalbar a ƙirji, ta juya wa bangon baya.

Da ta iya buɗe ido, dattijon na zaune a ƙasa, Duilio na riƙe da wuyan kwat ɗinsa yana haki. Babu wanda ke kallonsu. Malaman sun cika bakin ƙofa, duk idonsu na kan bango.

Daga ƙasan kunnen matar zuwa gefen haɓarta, wani layi mai faɗin yatsa biyu ya goge. A ƙarƙashinsa ba komai sai toka-tokar siminti. Audugar na ƙasa kusa da takalmin dattijon, ta rine da launin fata.

"Sake shi, Duilio," in ji Graziella.

"Na riga na kira 'yan sanda."

"Na sani. Sake shi, ba inda za shi."

Ta rufe kwalbar da murfin da ta samo a jakarsa, ta ajiye ta can nesa a bakin taga. Signora Imma ta sauke lemarta, ta matso ta tsuguna da ƙyar a gaban dattijon, ta ciro alewa daga jakarta ta miƙa masa.

"Sha, jininka ya sauka. Kai ma da girmanka." Ta juyo ga Graziella. "Duk mun ji, Signora. In suna son shaida, ga mu nan mu goma sha huɗu, ba mu da aikin yi."

Ba a ci abinci ƙarfe ɗaya ba ranar. Sai wajen ƙarfe huɗu aka gama ɗaukar bayanai, kuma kowane malami ya nace sai an rubuta nasa dalla-dalla, har wani ya gyara wa ɗan sandan rubutu. 'Yar dattijon ta zo daga Empoli a rikice, ta tafi da shi. Duilio bai yi wa Graziella magana ba har mako biyu. Daga baya ya ce mata shi abin da ya ji a na'urar kawai shi ne takunta tana matsawa wajen bango, sai ya ɗauka tsohon zai watsa mata a fuska. Ta ce masa laifinta ne, ita ta bar makirufon a kunne.

Washegari ta je ofishin ita kaɗai, ta rubuta abin da ta yi alkawari. Aka rufe zauren. Masu na'ura suka zo a watan Janairu, kuma ba su daɗe ba: fuskar, daga goshi zuwa haɓa, da fentin da ba a fara yin irinsa ba sai a ƙarni na ashirin aka yi ta. Jaridu suka yi mako guda a kai. Wasu daga cikin abokan aikinta suka daina gaishe ta a dandali, wani ma ya ce mata a gaban baƙi da ta bar tsohon da haukansa da kowa ya huta. Malaminta na jami'a, wanda ya haura tamanin, ya aiko mata da takarda mai layi biyu, ba gaisuwa. Alƙali ya yi wa Ermanno ɗaurin je-ka-gyara-halinka, ya ce ya duba shekarunsa da wasiƙu ukun da aka tono a ofishin.

Masana suka yi ta jayayya a kan fuskar har bazara. Wasu suka ce a kankare ta a bar simintin, wasu suka ce ta shekara hamsin a wurin, ita ma ta zama tarihi. A ƙarshe aka bar ta, aka cike layin da ya goge da ƙananan ɗigo-ɗigo waɗanda ake gane su in an matso, aka canja allon bayani.

A watan Yuni, mako ɗaya kafin a sake buɗe zauren, Graziella ta hau jirgin ƙasa zuwa Empoli da babban hoton gyaran a cikin ambulan. Ta same shi a barandar 'yarsa, cikin tukwanen tumatir, ya ƙara ramewa. Ya gane ta da murya. Ya karɓi hoton, ya kawo shi gab da hancinsa, ya karkata kai yana dubawa da gefen ido, inda ɗan ganinsa ya rage. Ya daɗe a haka.

"Wa ya yi wannan?"

"Wata yarinya daga Pisa. An ce ta iya."

"Ta yi wa haɓar nauyi. Dina ba ta da haɓa haka." Ya ajiye hoton a cinyarsa. "Sun sa sunana?"

"Sun sa. A ƙasan na Vanni, da ƙananan baƙaƙe."

"Nasa fa? Maigidan?"

"Shi ma."

Ya gyaɗa kai. 'Yarsa ta kawo kofi, ta zauna a bakin ƙofa tana sauraro, don ita ma sai a ofishin 'yan sanda ta fara jin labarin. Ya tambayi Graziella ko hannunta ya warke, ta ce fatar ta ɗan saɓule amma ta koma. Ya tambayi mai gadin nan mai ƙiba, ta ce yana nan, yana gaishe shi, wanda ba gaskiya ba ne. Suka yi hirar zafi da tsadar haya a cikin birni. Da ƙarfe ɗaya ta yi, ta miƙe, don tana da ayarin 'yan Torino ƙarfe uku a bakin gada. Ya ce ta bar masa hoton, ta bar masa.